Ranar da Aka Wanke Kaset ɗin Iya

Da damina ne, shekarar da Yaya Asabe ta rasu. Ruwa ya yi yawa, katangun ƙasa suna ta zubewa a Kwarbai, ni kuma duk abin da na sa a baki ɗaci yake yi mini. Bayan sadakar arba'in na buɗe akwatin aurena, na ciro wani kaset da ya haura shekara talatin naɗe cikin ɗankwali.

Hirar Iya ce a ciki, kakarmu ta wajen uba. Muna yara, in an yi isha'i ruwa ya hana mu wasa a tsakar gida, sai mu taru a madafa gindin murhu. Iya tana juya masara a kan garwashi, mu bakwai muna matse da juna kamar 'yan tsaki. Dokarta ɗaya ce. In ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku,” dole kowa ya amsa, “Ta zo mu ji ta.” Ta ga bakin wani bai motsa ba, sai ta kama bakinta.

“Ni ba na yi wa bango tatsuniya,” in ji ta. “Kai mai majina, ban ji ka ba.”

Sani take nufi, autanmu. Yaya Asabe kuwa ita ke fara amsawa, muryarta ta fi ta kowa, dariyarta kamar an ɓarar da kwanuka. Wata rana babanmu ya ɗora sabon rediyonsa a kan turmi ya ɗauki muryoyinmu duka a kaset, ba mu sani ba.

Tatsuniyar ranar ta wani mutum ce da kukan kwaɗi ya hana shi barci. Akwai kududdufi a bayan gidansa. Ya yi jifa, ya yi zagi, kwaɗi ba su fasa ba. Sai ya ɗauki fartanya ya yanka magudana, ruwan ya tsiyaye tas, kwaɗi suka watse. Ya yi barcinsa har da minshari. Da rani ya zo ya zura guga a rijiyarsa, sai ya jawo yashi.

“To ya ya yi, Iya?” Yaya Asabe ta tambaya.

“Shiru ya nema, ya samu. Shi ya riƙa sha har ruwa ya sauko.”

Wannan tambayar nake so in sake ji, da dariyar da ta biyo bayanta. Ba mu da hoton Yaya Asabe mai motsi, ba ta yarda a ɗauki muryarta a waya ba. Kaset ɗin nan kaɗai ne. Rediyon da zai kunna shi kuwa babu a unguwarmu, don haka na ba Sani, wanda yanzu ma'aikaci ne mai mota, ya kai aka juye masa a waya.

A motarsa muka fara saurara, a ƙofar gidana. Ya haɗa wayar da rediyon mota da igiya, ya kuma sa ta a caji. Sai wata ƙara ta tashi kamar kukan gyare, in ya taka totur ta ƙara tsini. Amma a ƙarƙashinta na ji wuta tana ƙas-ƙas, na ji ruwa a kan kwano, na ji Yayata tana da shekara goma sha biyu. Na rufe fuska da mayafi.

“Kai, wannan ai ba ya sauraruwa,” Sani ya ce, ya kashe. “Bari in kai a gyara, Yaya.”

Na so in ce a bar shi haka. Amma ni karatun yaƙi da jahilci na yi, shi ya yi jami'a. Na ce, “To.”

Bayan mako biyu ya dawo da fara'arsa. Ya ce ya fara kai kaset ɗin wajen wani mai kwamfuta a unguwar Kongo, mutumin ya wanke sautin, ya cire duk hayaniyar da ke bayan muryar Iya. Da ya kunna a mota, ƙarar tana nan. Sai ya je wajen mai gyaran wutar mota a Ƙofar Doka.

“Ashe duk laifin caja ne, Yaya! In waya tana caji kana kunna ta, ƙarar inji ce ke biyo igiya. Zare ta kawai ya yi, ya canja mini igiya mai kyau, ya ce in ɗaga sautin waya in rage na rediyo. Ji yanzu, kamar a gidan rediyo.”

Ya kunna. Babu kukan gyare. Babu wuta, babu ruwan sama. Muryar Iya ta fito siririya kamar daga cikin tulu: “Ga ta nan, ga ta nanku.”

Ba wanda ya amsa mata.

Ta jira, sannan ta ci gaba ita kaɗai. Inda Yaya Asabe ta yi tambaya, wani ɗan gurnani ne ya wuce.

“Ina na farkon, Sani?”

“Na goge, ai wannan ya fi. Waya ta cika.”

“Kaset ɗin fa?”

Ya sosa ƙeya. “Na bar shi a shagon mai kwamfutar. Yaya, wa ke ajiye kaset yanzu?”

Ban yi masa faɗa ba. Ɗan'uwana ne, alheri ya nufa, kuma shi mai majina ne lokacin, bai san abin da ke ciki ba. Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan wauta take zagi. Yanzu na ga mutumin bai yi wauta ba, barci yake so kamar kowa. Abin da ke ci mini rai shi ne, a gidansa ba a rasa wadda ta ga ya ɗauki fartanya ta ce masa “to” ba.

Washegari da na idar da asuba na hau adaidaita zuwa Kongo. Mai shagon ya ce tun shekaranjiya aka yi shara, ya nuna mini juji a bayan layin. Na tattare zanina, na tona da kara har rana ta ɗaga. Ban ga kaset ba. Na dai sami wani zaren kaset, jiƙe, ya sarƙe a jikin ƙaya. Ban san ko namu ne ba. Na warware shi a hankali, na naɗe a yatsa, na taho gida.