Yaya Garba da Bututun da Ba a Gwada Ba

Shekara tara ke nan da aka kawo mana gawar yayana Garba nan Gummi daga kudu, inda yake aikin walda a layin bututun iskar gas.

Duk zuwansa hutu sai ya yi mana bayanin aikinsa, ko muna so ko ba mu so. In an yanke ƙarfen da ya lalace aka jona sabo, ba a sakin gas sai an cika bututun da ruwa, a matsa da inji fiye da ƙarfin da zai riƙa ɗauka, a zauna sa'o'i ana kallon allurar agogon awo. In ta sauka ko kaɗan, akwai inda ke yoyo. Inna takan ce ya bar ta ta ci tuwonta.

Abokin aikinsa da ya rako gawar shi ya gaya mini yadda aka yi. An canja guntun bututu, ɗan kwangila yana sauri, ya ce a tsallake gwajin. Garba ya ƙi sa hannu a takarda, wani ya sa. Da aka saki gas ya hango leburori suna cin abincin rana dab da inda aka jona, ya ruga ya kore su. Bututun ya fashe. Su sun tsira, shi bai tsira ba. Wasiƙar da aka aiko mana daga wurin aikinsa ta ce Garba ganganci ya yi. Har yau in na tuna kalmar nan sai abinci ya fita raina.

Watan jiya na tsaya cika tukunyar gas a wani shago kan hanyar Anka. Na tarar mai shagon yana ɗaura bututun ruwa na kasuwa a layin gas ɗinsa, a gurbin na ƙarfen da ya tsage, ga mai shayi da wutarsa a jikin bango. Na tambaye shi ko zai gwada.

"Malam, mi za a gwada? Na shafa mai sabulu, bai yi kumfa ba."

Da Garba ne, da ya zauna bakin ƙofar har a rufe. Ni mai gudun magana ne tun ƙuruciya, amma na ɗauki tukunyata ba gas, na nemi mai unguwa, na nemi liman, na gaya musu abin da na gani. Mako guda shagon yana rufe kafin a zo da ƙarfen ƙwarai da injin gwaji. Mai shagon ya daina amsa gaisuwata.

Garba bai bar gida ba, bai bar gona ba. Taurin kan nan ya bar mini, kuma sai yanzu na san gado ne. Allah Ya haskaka kabarinsa.