Takalmin da Aka Bari a Layin Lilo

A ƙauyenmu, can gabas da Ɗanbatta, mutum ba ya tsayawa a layi da ƙafarsa in yana da abin da zai tsaya masa. A injin niƙa ƙwarya ake jerawa, a bakin rijiya tulu. Ranar rabon taki kuwa takalma za ka gani sun yi sahu a rana, masu su suna gindin darbejiya suna hira. Ƙa'idar ɗaya ce kuma kowa ya san ta: wanda ke bayanka shi zai riƙa tura maka kayanka gaba, ba ya tsallake su, ba ya kuma tafiya ya bar su. Da wannan na tashi, ban ɗauke shi a bakin komai ba, sai da kakata Iya Hanne ta sa na fara jin tsoronsa.

Iya Hanne ita ta haifi babanmu. 'Yar siririyar tsohuwa ce mai kaifin ido, ga tsokana kamar ba ta da aikin yi. Da an gama girbi an kai dawa rumbu, sanyi ya fara shigowa, sai ta sa mu tara mata kara a ƙofar ɗakinta. Ana idar da isha'i za ta hura wuta, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta kowa yana kare rabonsa. Ni ce mai ƙorafin gidan. In Gizo ya yi cuta bai sha duka ba sai na yi magana, in an raba gyaɗa sai na duba tafin kowa. Shi ya sa ta laƙaba mini Alƙaliya, sunan da ya bi ni har gidan miji.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Ita cewa take, "Ga baƙuwa nan tafe, ku matsa mata." Mu amsa da cewa ta ƙaraso ta zauna. In ta gama kuma sai ta tafa hannu ta ce baƙuwa ta tashi, a kakkaɓe tabarma. Sai ta faɗi haka muke sanin an sallame mu.

Akwai wani gurbi a kan tabarmar, a damanta, daidai zaman yaro ɗaya. Nan ne ya fi ko'ina ɗumi, amma ba mai zama. Wata rana na ga wannan ai rashin adalci ne, na je na yi daram a wurin. Ba ta yi mini faɗa ba. Hannuna ta kama ta ɗaga ni a hankali, ta ce, "Da mai shi." Mu yara muka yanke cewa Iya aljani take ajiye wa wuri, daga ranar ko gyaɗa ce ta gangara can sai dai ta kwana.

Tatsuniyoyinta na dariya sun fi yawa, amma akwai guda ɗaya da ba ma roƙo, ita ke kawo ta da kanta in ta ga dama. Muna gane zuwanta, domin sai ta daina tsokana, ta zuba wa wutar ido.

Wai wata ranar sallah ce, aka yi wa wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, kitso da lalle. Ƙaramar aka saya mata jan takalmin fata, na farko a rayuwarta, tana tafe tana kallon ƙafarta. Suka ji labarin an ɗaura lilo a wata tsamiya bayan gonaki, wanda in ya ɗaga mutum sai ya hango ganuwar Kano. Da suka isa suka tarar da layi har ya kewaye tsamiyar. Yara daga ƙauyuka daban-daban, wasu an san iyayensu, wasu kuwa, in ji Iya, in ka dubi yashin da suka taka ba ka ganin sawu. Rana ta take, layi yana jan ciki. Ƙaramar ta ce ƙishirwa take ji, yayar ta raka ta rijiya. Yayar ta leƙa gaba ta ga saura kaɗan, ta ce ai ga rijiyar can ana hangowa, ta je ita kaɗai, ta bar takalminta a riƙe mata wuri.

A nan Iya kan sirantar da murya. "Yaya, kar ki hau sai na dawo."

Yarinya ta cire takalmi ɗaya ta ajiye, ta tafi tana ɗingishi da ɗayan. Yayar ta yi ta tura shi da ɗan yatsan ƙafa har suka kai gindin lilo. Mai lilon wani dogon mutum ne da ba a ganin fuskarsa don rawani. Ya dubi takalmin ya ce wannan ne a gaba, sai mai shi ta hau kafin na baya. Yayar ta matsa gefe, ta ce wa na bayanta ya wuce, ta ce wa na bayansa ma ya wuce. Kowa ya hau ya sauka. Rana ta faɗi, aka kwance igiya, yara suka watse, ta waiga ba mai lilo ba alamarsa. Damina ta zo ciyawa ta tsiro ta cikin takalmin. Manoma in sun zo huɗa sai su kewaye yayar.

Nan tatsuniyar ke tsayawa. In muka tambaye ta sai me ya faru, ta ce, "Tana nan tsaye." Ba tafi, ba sallamar baƙuwa. Haka za mu zauna har wutar ta zama garwashi, iyayenmu mata su zo su janye mu ɗaya bayan ɗaya. A irin daren nan ba na yarda in kwana a bakin ƙofa, kuma takalmana duka biyun nake turawa ƙarƙashin matashi.

Sau ɗaya na daure na ce mata wannan ba tatsuniya ba ce, tunda ba ta da ƙarshe. Ta dube ni ta ɗan yi murmushi. "To Alƙaliya, in kin samo ƙarshen ki kawo mini." Sau ɗaya kuma bakinta ya suɓuce, maimakon ta ce ƙaramar sai ta ce Talatu. Ta yi tari, ta gyara itacen wuta, ta ci gaba.

Ina da cikin fari Iya ta rasu. Da aka zo fitar da kayanta, a ƙasan adudunta aka sami wani ƙulli cikin tsohon ɗankwali. Takalmin yaro ne ƙwaya ɗaya, fatar ta bushe ta ƙanƙance, jan ya koma baƙi. Gwaggona, babbar 'yarta, ita ta gaya mini a bayan ɗaki. Iya tana da ƙanwa Talatu. Ranar wata sallah suka je lilo a ƙauyen da ke gaba da namu, yarinyar ta tafi shan ruwa, ba a sake ganinta ba. An yashe rijiyar, an bi kasuwanni, an yi saukar Alƙur'ani. Wasu suka ce fatake ne, wasu suka ce mutanen ɓoye. Ita kuwa Iya sai da babanta ya je bayan magariba ya ciccibo ta daga gindin tsamiyar tana ihu a bar ta, ta yi alkawari. Na yi kuka a ranar fiye da wanda na yi da aka fita da gawarta.

Yanzu a Bacirawa nake zaune, gefen birnin Kano, inda gonakin da na sani duk sun zama bulo. 'Yata Safiya tun cikin azumi ta ishe ni da maganar wurin wasan yara na cikin gari, wai ƙawayenta duk sun hau babban lilon nan mai kama da tayar keke, ita kaɗai ce 'yar ƙauye. Washegarin sallah na ɗauke ta a a-daidaita-sahu muka tafi.

Ni da layi ba ma shiri, wurin kuwa ba komai a cikinsa sai layi. Layin tikiti, layin dawakan da ke zagaye, layin jirgin ƙasa na yara wanda tafiyarsa ba ta kai tsawon jiran da aka yi masa ba. Ga ƙarar janareta, ga kiɗa, ga lasifika tana ta cigiyar iyayen wani yaro mai shuɗiyar hula. Na yi faɗa da wata mata da ta cuso 'ya'yanta gabanmu, na yi da mai askirim, har Safiya ta ce don Allah in daina ba ta kunya. Babban lilon muka bari na ƙarshe, bayan la'asar. An yi masa shingen ƙarfe mai lanƙwasa kamar na shanu a kasuwar kara, in ka shiga sai dai ka yi gaba.

A gabanmu akwai wata 'yar yarinya da ba ta kai Safiya ba, ita kaɗai. Kitsonta da lallen ƙafarta irin na wajenmu ne, da gani an kawo ta yawon sallah ne daga ƙauye. Mun yi nisa a layin sai ta juyo, ta cire silifas ɗinta ɗaya ta ajiye a gaban Safiya.

"Ki tura mini. Ruwa zan sha, kar ki hau sai na dawo."

Kafin in buɗe baki ta sunkuya ta ƙarƙashin shingen, ta shige cikin mutane tana ɗingishi. Safiya a birni aka haife ta, ban taɓa koya mata wannan al'ada ba, ban kuma taɓa ba ta tatsuniyar ba. Amma da layi ya motsa, sai na ga ta sa ɗan yatsan ƙafa ta tura silifas ɗin gaba.

Haka muka kai bakin ƙofa. Saurayin da ke karɓar tikiti ya ce, "Hajiya, ku shiga ko ku ba mutane hanya." Na ce wa Safiya ta zo mu hau, yarinyar ta sami 'yan'uwanta ta manta. Ta girgiza kai. Na ce da magariba za a kashe injin, in ta rasa yau sai wata sallar. Idonta ya kawo ruwa, ta dubi lilon da ta yi wata guda tana mafarkinsa, ta dubi silifas ɗin.

"Mama, in ta dawo fa?"

Wallahi na so in shure takalmin nan ya faɗa kwata, in finciki 'yata mu bar wurin. Ba lilon ne ya dame ni ba. Tsoro nake kada ta koma gida da takalmin wata a hannu, domin na san yadda ake tsufa da shi. Amma ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Muka matsa gefe, Safiya tana ce wa na baya su wuce. Wata mata ta ce ji wani shirme, a kan silifas ɗin roba. Ni da ba a gaya mini magana in ƙyale, ko kallonta ban yi ba. Idona yana kan ɗan tafkin da ake tuƙa kwale-kwale, yana kan babbar ƙofa inda mutane ke fita. Na riƙe wuyan hannun Safiya har ta ce ina ji mata ciwo. Na so in ƙwala wa yarinyar kira, sai na tuna ban san sunanta ba. Can na ji bakina yana motsi, ashe Talatu nake kira a hankali.

Rana ta yi ja, aka kunna fitilu, layin ya sirance. Mai tikiti ya ce zagaye na ƙarshe ke nan.

Sai ga ta. Wata yayarta ce ta riƙo ta a kunne tana zazzaga mata faɗa, ita kuwa ko a jikinta, tana tsotsar ruwan leda. Ta sunkuyo ta ƙarƙashin shingen, ta zura ƙafa a silifas ɗinta, ta wuce gaba abinta. Ko sannu ba ta ce mana ba. Abin da Iya ta jira tun tana yarinya har ta shiga kabari ya faru a gabana cikin ƙiftawar ido, kuma ban da ni ba wanda ya lura.

Muka hau. Da lilon ya kai mu ƙololuwa, Safiya tana ihun murna, ni arewa na juya. Ba a hango Ɗanbatta daga nan, sai rufin kwano da hasken motoci. Na ce a raina, Iya, ga ƙarshen na samo, ba wani abin mamaki ba ne, dawowa ta yi ta sa takalminta. Na tafa hannu a hankali na ce baƙuwa ta tashi, a kakkaɓe tabarma. Safiya ta tambaye ni da wa nake, na ce da kakata.

Da ina yarinya na ɗauka Iya gargaɗi take mana kada mu karɓi amanar da ba mu san ranar sauke ta ba. Da na girma na ce a'a, cewa take kada layi ya sa ka saki hannun naka. Yanzu ina ganin ba darasi take koya mana ba. Wuri take riƙewa, kuma ta gaji da riƙe shi ita kaɗai, shi ne take tara mu mu taya ta zama.

Da sanyi ya shigo bana, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan isha'i, na hura gawayi a kasko, na ce wa Safiya ta zo ga baƙuwa nan tafe. Sai da na zauna na lura na matsa hagu, na bar gurbi a damana, daidai zaman yaro ɗaya. Safiya ta zo da gudu za ta zauna a wurin, maganar Iya ta taho har bakina. Na haɗiye ta, na jawo yarinyar na zaunar da ita a nan, kusa da wuta.