Buhun da Ban Gane Ba

Ranar Talata, 11 ga Zulhajji 1445, bayan la'asar, ɗana Mazin bin Khalfan ya rasu a hatsarin mota a hanyar Nizwa, yana da shekara talatin da huɗu. Ni na aike shi ɗauko wani baƙona, alhali na san tun asubar Sallah bai huta ba.

Mazin, ka bar karatun shari'a ka buɗe gidan abinci a gindin ganuwar Bahla. Ban yi maka faɗa ba, shiru na yi maka, kuma na san ya fi faɗan ciwo. Masu ziyarar ganuwa kan sauko su ci harisarka, faten alkama da naman nan, su sha gahawa da dabino da alewa, wasu su zo su yaba mini, ni kuwa in sauya magana. Sai a zaman makoki na ji cewa masu sharar kasuwa a wurinka suke karya kumallo, kyauta.

Da hantsin ranar da ka rasu ka cuɗa naman shuwa, wato gashin Sallah da muke yi a rami, da kayan ƙamshi, ka naɗe shi da ganyen ayaba, ka sa a buhun kaba, ka jefa a ramin gashi na unguwa tare da na kowa, aka rufe da ƙasa. Ka ce mini, kana dariya, "Baba, bana dai ka zo buɗe rami, ko don mutane su san ina da uba." Na ce sai na gani.

Na je, bayan mun binne ka. Kowane gida yakan ɗaura wa buhunsa alama. Hamud maƙwabcinmu, wanda ke fito da su da ƙugiya, ya ce, "Abu Mazin, wanne ne naku?" Ban sani ba. Na tsaya har kowa ya ɗauki nasa, saura ɗaya mai tsohon mabuɗi a bakinsa. Hamud ya miƙo mini, ya ce a hankali, "Mabuɗin mahaifinka ne ai, kakan Mazin. Da shi Mazin yake yin alama duk shekara."

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya ciyar da kai daga abincin Aljanna kamar yadda ka ciyar da bayinSa. Ina yi wa mahaifiyarka Shaikha da matarka Zuwaina ta'aziyya, ina kuma neman afuwarsu.

Zuwaina ta tambaye ni ko a ci gaba da gidan abincin ko a rufe shi. Ban ba ta amsa ba tukuna, domin har yau ban taɓa sa ƙafata a cikinsa ba.