Silimar Nowel ta Bayan Ƙyalle

Ranar Nowel, wato Kirsimeti, shekara uku kafin Nasara su bar mana mulki, na fara ganin silima da idona. Ina 'yar shekara tara, ina aji biyu a lakwal, wato makarantar boko, ta Magarya. Tun da hantsi wata kamiyo, babbar motar kaya, ta iso daga Damagaram ta tsaya a filin da ke kusa da gidan kumandan, Banasaren da ke mulkin garin, aka sauke injin wuta da wani baƙin akwati mai ido ɗaya, aka kafa azara biyu aka ɗaure farin ƙyalle a tsakaninsu. Mu yara muka watsar da ɓarar gyaɗar da aka sa mu, muka wuni muna zagaya ƙyallen kamar kaji sun ga tsaba. Da aka idar da sallar magariba gari ya ɗungumo. Maza suka zauna ta gaba, wajen da akwatin yake, mu mata da 'yan mata aka ce mu koma ta baya, tun da ƙyallen shara-shara ne, hoto yana fitowa ta kowane ɓangare. Ba wanda ya ga laifin wannan tsari, don ko a wajen biki haka ake zama.

Kakata, Iya Kande, ita ce ta riƙo hannuna zuwa filin. Ta gaya wa duk wanda muka haɗu da shi a hanya cewa ita ba kallo ya fito da ita ba, rakiyar wannan marar kan gado ta yi kada a tattake ta. Ni kuwa na san ba haka ba ne. Babana shi ne ɗanta na fari, kuma a lokacin shekararsa ta uku ke nan da aka ɗauke shi soja aka ƙetara da shi teku. Saboda kunyar ɗan fari, Iya ba ta taɓa ambaton sunansa ba, ba ta kuma taɓa tambayar lafiyarsa a gaban mutane ba. In wasiƙa ta zo, malaminmu Mushe Antuwan, wani Kirista mutumin Dahome, shi ke zuwa zaure ya karanta wa kawuna da Innata. Iya takan juya baya ta ci gaba da kaɗin audugarta kamar ba da ita ake ba, sai dai ni da ke zaune kusa da ita ina ganin mazarin ya tsaya cak har sai an naɗe takardar. Wasiƙar ƙarshe ta ce yana ƙasar Faransa, kuma sanyi ya yi yawa. Abin da Iya take so ta sani guda ɗaya ne, ba ta kuma da bakin tambaya: mutanen can suna ba ɗanta abinci da mutunci, ko kuwa jefa masa suke yi? Da ta ji an ce silimar hoton ƙasarsu ce, sai ta ɗauki mayafi.

Hoton baƙi da fari ne, yana rawa, injin yana ƙara har ba a jin maganar mutanen ciki sosai, ko da an ji ma Faransancin ya fi ƙarfin 'yar aji biyu. Amma labarin bai buƙaci tafinta ba. Wani ɗan ƙaramin gida ne a gindin dutse, dusar ƙanƙara ta rufe shi, da mai gida da matarsa da yara uku suna shirin sallarsu. Agwagwar da za su yanka ta kuɓuce, mai gida ya bi ta ya faɗa cikin rami, muka yi dariya har da riƙe ciki. Tun da nama ya gudu, sai uwar gida ta dafa 'yar miya a tukunya ɗaya, ta raba kwano biyar. Suna zama aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani baƙo ne da ya ɓata hanya, yana rawar ɗari, ba wanda ya san shi. Mai gida ya ɗan yi jim, matar kuwa ta tashi ta ɗauki nata kwanon ta miƙa masa. A nan ne Iya ta damƙe mini gwiwa. Da hannun hagu matar ta miƙa, da hagu baƙon ya karɓa ya ci, da hagu mai gida ya gaisa da shi. Matan da ke kewaye da mu suka ɗauki salati, wata ta ce ko kare ba a yi masa haka. Iya kuwa ta miƙe ta kakkaɓe zanenta tun kafin a gama.

Daga ranar Iya ta daina cin abincin kirki. Innata ta kai mata tuwo, Iya ta ce cikinta ne ba daɗi. Ta dama mata fura da nono mai kyau, ta kurɓa sau biyu ta ture mini ƙwaryar. Ni da ita da kullum muke cikin tsiya, in ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, ta ce da ni mai ƙafar tsinke, sai ga shi in na tsokane ta kallona kawai take yi. Da safe in ɗebo ruwa a rijiya, in zuba wa awaki harawa, in share tsakar gida, duk ina satar kallonta tana zaune a gindin rumbu da auduga a cinya ba ta kaɗawa. Da yamma 'yan uwana su kira ni gaɗa ko carafke, in fita, amma wasan ba ya yi mini daɗi. Kowa a gidan ya san abin da ke cinta, kuma ba mai iya faɗa, don faɗar ma cin fuska ne a gare ta. Na ji tsoro ƙwarai, domin ban taɓa ganin babba yana ramewa a kan idona ba.

Faɗa ne ya warware maganar, kuma ni na tsokano shi. Ran da aka koma lakwal, muna share fili kafin a buga ƙararrawa, na ce Nasara ƙazamai ne, da hagu suke ba baƙo abinci. Wani yaro ɗan ajinmu da ya zauna ta gaba tare da babansa ya ce ƙarya nake yi, da dama aka ba shi. Ni da na gani da idona? Na sheme shi da tsintsiya, ya cika mini kai da ƙasa, aka kai mu gaban Mushe. Da ya ji musabbabin faɗan sai ya fara dariya. Ya zana hannu a kan takarda, ya ɗaga ta saitin rana, ya ce in zagaya in duba ta baya. Na zagaya, sai ga hannun dama ya koma hagu. Ashe duk mu da muka zauna ta bayan ƙyalle a juye muka ga komai. Maimakon in ji kunya sai na fashe da kuka, na gaya masa halin da Iya take ciki. Nan take dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Har gobe ina gode masa a kan wannan.

Da la'asar ya zo gidanmu da takardarsa ya durƙusa ya gai da Iya, ya yi mata bayani da guntuwar Hausarsa. Iya ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Mushe, Allah ya yi maka albarka, amma gani ya kori ji." Da wani ne, da ya yi fushi ko ya ce tsufa ne. Shi kuwa sai ya binciko cewa masu silima sun wuce Dungas da Mallawa, kuma ta Magarya za su biyo in za su koma. Ban san da wane baki ya roƙe su ba, ban kuma san wa ya gani a ofis ba. Na dai san bayan kwana biyu an sake kafa azara a filin, kuma Mushe da kansa ya ratsa da Iya ta tsakiyar maza har sahun gaba. Dattawa suka yi ta gyaran murya, amma suka matsa, don tsohuwa ce sa'ar uwayensu. Ya kawo mata kujerarsa ta aji, ta ƙi, ta shimfiɗa tabarmarta, ni kuma na lafe a jikinta. Agwagwa ta gudu, Iya ba ta yi dariya ba. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, matar ta tashi ta ɗauki kwano. Iya ta miƙa wuya, ta daɗe tana kallo, sai na ji ta ce a hankali, "Da dama ta ba shi. Kuma nata ne ta ba shi." Muna isa gida ta tambayi Innata ko akwai sauran tuwo.

A Disambar da ta wuce, jikata da ke karatu a Damagaram ta zo hutu ta kunna mana wani fim a tele, ta ce na Nowel ne, an sake yin wani tsohon labari. Ina gyangyaɗi a kujera sai na ga agwagwa ta kuɓuce, mai gida ya bi ta. Na wartsake sarai. Labarinmu ne, bayan shekara sittin da ɗoriya. Gaskiya ɗaya ce, sabon ya fi kyan gani. Akwai launi, ana jin kowace kalma, ba injin da ke ruri a bayanka. Sun ƙara wata kaka mai baki kamar reza wadda ta tuna mini da tawa, kuma gudun agwagwar ya fi na da ban dariya, har cikin mota ta shiga. Na yi dariya da jikokina, ban kuma yi ƙaryar cewa ban ji daɗi ba.

Amma gidan ya zama katafare, yaran suna mayar wa iyayensu magana, kuma ko da agwagwa ta gudu teburin cike yake da abinci har ba wurin aje cokali. Da baƙon ya shigo sai aka nuna masa kujera aka ce ya zuba da kansa. Ba wanda ya tashi, ba wanda ya rasa komai saboda shi. Daga ƙarshe ma sai aka gano wai wani attajiri ne, ya saka musu da kyautar da ta fi abincinsu sau dubu. A na da, baƙon ba kowa ba ne. Ya ci, ya kwana a bakin murhu, da safe ya yi godiya ya kama hanyarsa, kuma matar da yunwa ta kwana. Jikata ta ce, "Kaka, ai wannan ya fi ma'ana, alheri danƙo ne." Na ce da ita haka ne, amma wanda ya yi alheri don ya san danƙo ne, ai ciniki ya yi. Ta ce ni dai ba a iya mini, na ce gado na yi.

Yanzu kowane yaro yana da silima a tafin hannunsa, ba mai zama gaba, ba mai zama baya, kuma in ɗanka yana ƙetare sai ka kira shi ka ga fuskarsa da abin da ke cikin kwanonsa. Na gode wa Allah da wannan sauƙi. Amma na fi gode masa da ya sa tsohon ne ya zo mana ba sabon ba, domin a sabon babu amsar da Iya take nema. Da daminar da ta biyo bayan waccan silimar zazzaɓi ya ɗauke ta, wata huɗu kafin Babana ya dawo. Ba su sake ganin juna ba, sunansa kuma bai taɓa fita daga bakinta ba. Ta dai tafi da sanin cewa ɗanta yana cin abinci a hannun mutane.