Tantin da Na Ƙi Juyawa

Ranar Asabar ce, ƙarshen damina, a shekarar da sojoji suka koma bariki. Ana idar da sallar asuba na buɗe shagona na Ƙofar Wambai, ba don ɗinki ba, don in ɗauko tanti. Mai koko ta riga ta kafa tukunya a bakin lungu. Masu gwanjo suna kwance dila. Rediyon wani yana ta maganar sababbin shugabanni, ban saurara ba. Hankalina yana bakin ruwa.

Sunana Sani. Tela ne ni, ɗan tela. Mu uku za mu yi tafiyar. Akwai Garba, abokina tun makarantar allo, mai a-kori-kura. Akwai Baba Modu mai wankin hula, wanda rumfarsa take jikin shagona. Mutumin Barno ne, aminin mahaifina, ya daɗe a Kano har Hausarsa ta fi ta wasunmu. A unguwarmu har yau ana cewa siyasa ce ta ci Baba Modu. Na san ba haka ba ne, kuma na bari ana faɗa.

A bakin tafkin Chadi aka haife shi. Kullum yana saɓa hula yana ba mu labarin kifin da ya fi mutum tsawo. Garba ba ya ƙyale shi. Ya ce ruwan da Baba ya sani bai wuce na bahon wankin hula ba. Tsohon ya ce a kai shi bakin ruwa a gani. Da haka aka sa ranar zuwa dam ɗin da ke kudu da birni, inda aka yi wurin shaƙatawa. Za mu kwana biyu. Garba ya ce lallai in taho da tef ɗina na awo, a auna kifin Baba a gaban shaidu.

Ga yadda aka yi tantin. A gidanmu tela ba ya zubar da ƙyalle. Mahaifina ya mutu ya bar buhu uku na ragowar yadi, ni ma na ɗora. Lokacin yaƙin neman zaɓe wata jam'iyya ta kawo mini ɗinkin tutoci, ruwan ɗorawa da shunayya. Ba ɗanta ba ne ni, na yi wa abokan hamayyarta ma ɗinki. Ragowar yadin tutocin nan ya cika buhu. Da aka sa ranar tafiya na zazzage shi, na harhaɗa, na yi masa shafi da farin akoko ta ciki. Kwana uku ina kan keke. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Na yi ta kallonsa kamar ba ni na yi ba.

Ƙarfe bakwai muka fita daga birni. Tara da rabi muka isa. Wurin ya tsufa. Rumfunan siminti sun fara tsagewa, lilon yara ya karye. Amma ruwan yana nan, shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Wasu ɗalibai suna zaune da rediyon kaset. Masunta suna gyaran koma a gaɓa. Baba Modu ya sauko daga mota ya tsaya. Na ga yana shaƙar iska da baki a buɗe.

Muka zaɓi wani tudu kusa da ruwa, ƙasa da hanyar da ta bi ta kan dam. Na warware tantin. Baba ya dube shi, ya dubi hanyar.

Ya ce, "Tela, wannan ba tutar mutanen nan ba ce?"

Na ce, "Baba, tuta sai an ɗaura ta a sanda. Wannan ƙyalle ne."

"To juya shi, ɗana. Farin ya koma waje."

Na ƙi. Idan aka juya, duk haɗin ɗinkin zai fito fili, da bakin zare, da inda na yi ciko. Ga ɗalibai suna kallo. Na ce ba za a ga bayan ɗinkina a bainar jama'a ba. Garba ya yi dariya ya ce telan amare ya yi magana. Baba ya yi murmushi ya ɗauki gwangwaninsa ya tafi tonon tana. Dalilina ke nan gaba ɗaya. Na nemi wani na rasa.

Daga ƙarfe goma zuwa azahar na ga Baba Modu da ban taɓa sani ba. Ya naɗe wando ya shiga ruwa har gwiwa. Ciwon bayan da yake kuka da shi ya ɓace. Yana duban inda ciyawa take motsi, ya jefa fatsa can. Ya nuna mini yadda ake zura tana a ƙugiya har ta rufe bakin. Kafin mu yi salla ya kama ƙarfasa bakwai da tarwaɗa ɗaya. Garba ya kamo reshen itace. Ni ban kama komai ba. Na auna tarwaɗar da tef, inci goma sha tara. Garba ya ce da sauran tafiya kafin ta kai tsawon mutum. Baba ya ce a jira gobe da sassafe.

Shi ya ja mu sallar azahar. Muka soya kifi a kan risho, muka ci da burodi da yaji. Na rataya tef ɗin a wuya kamar yadda na saba a shago, na kishingiɗa a inuwar tantina.

Ƙarfe huɗu saura kwata na ji hon. Ba hon ɗin wucewa ba ne, an danne shi ba a saki ba. Sai ihu daga nesa. Ɗaliban suka kashe kaset, suka kwashi kayansu suka bi ta bayan rumfuna. Mai gadin wurin ban ga fitarsa ba. Masunta suka tura kwale-kwalensu tsakiyar ruwa, suka bar komarsu a yashe.

Baba ya ce, "Masunta sun bar gaɓa. Ku sauke tantin nan!"

Na kama igiya. Ƙullin da na yi da safe don kada iska ta taɓa mini aiki ya ƙi kwancewa. Ina cikin fama da na biyu motoci biyu suka tsaya a kan dam.

Sun kai ashirin. Samari ne, da gorori da adduna da barandami. Na gabansu ya ɗaure kansa da tsumma, jini ya ɓata masa riga. Daga baya muka ji cewa an yi arangamar siyasa a garin da ke kusa da safiyar nan, an kashe musu mutum. Suna neman inda abokan gabarsu suka yada zango. Daga kan hanya ba abin da ya fi tantina fitowa.

"Ku durƙusa!"

Muka durƙusa a jere, Garba, ni, Baba. Yashin yana da zafi. Wani ya yi ƙwallo da risho. Wani ya fasa gilashin motar Garba. A lokacin na tuna da tef ɗin da ke wuyana. Na sunkuyar da kai, na zare shi a hankali, na danna shi cikin yashi da gwiwata.

"Tantin wa?"

Ba wanda ya amsa. Ina jin ruwa yana bugun gaɓa.

"Na ce tantin wa?"

Amsar tana kan harshena, gajeriya ce. Zan iya cewa ni tela ne, ragowar yadi ne, ga farin akoko a ciki. Ban sani ba ko za su saurara. Ban gwada ba. Fitsari ya bi cinyata, na ji ɗuminsa.

Mai tsumman ya ɗora adda a kafaɗar Garba ya yi tambayar karo na uku.

Baba Modu ya ce, "Nawa ne. Waɗannan ɗauko su na yi, direba da mai ɗaukar kaya."

Bai dube ni ba. Muryarsa kamar yana gaya wa mai hula ya dawo jibi.

"Ku biyun, ku ɓace!"

Na riga Garba tashi. Wannan ma sai na faɗa. Muka faɗa gonar dawa da ke bayan tudun. Ganye yana yankar fuskata. A bayana na ji saukar gora ta farko, irin ƙarar da ake ji a wurin masu bugun yadi a Ƙofar Mata. Na ƙirga har shida, na daina ƙirgawa. Ina ta sauraron ya kira sunana. Da ya kira, da na samu abin da zan ce ban ji ba. Bai kira ba.

Ƙarfe huɗu da rabi muna kwance a cikin wani kwari a ƙarshen gonar. Takalmin Garba ɗaya ya fita. Hayaƙi iri biyu ya tashi, baƙi na taya, da wani siriri wanda na san na mene ne. Tankin motar ya fashe da ƙara. Tsuntsaye suka watse daga kan dawa.

Biyar da minti goma muka ji motocin sun tashi. Hon ɗin ya yi nisa har ya ɓace. Wurin ya yi tsit. Tsakaninmu da bakin ruwan bai kai daga shagona zuwa Ƙofar Mata ba.

Garba ya ce, "Mu koma."

Na ce, "Ƙila sun bar wasu suna jira."

Ya dube ni. Sannan ya cire ɗaya takalmin ya jefar, muka nufi titi. Ba su bar kowa ba. Ni ma a raina na san ba su bari ba. Abin da nake tsoro shi ne in ga Baba, ko Baba ya gan ni.

Mun yi tafiyar fiye da awa ɗaya a cikin gonaki. A wani ƙauye wata tsohuwa ta ba mu ruwa a ƙwarya. Ta dubi wandona, ta kau da kai. Gab da magariba wata motar rake ta tsaya mana. Muka hau baya. Da dare muka shigo birni. Na je wurin mai unguwa na ce an kai mana hari, mun rarrabu a guje, ba mu san inda Baba ya yi ba.

Washegari ƙarfe goma aka kawo shi. Masunta biyu ne suka rako gawar. Babban cikinsu ya ce da suka dawo gaɓa wajen ƙarfe shida sun same shi da sauran numfashi. Ya nemi ruwa, suka ba shi. Ya tambaye su ko yaran nan biyu sun tsira. Suka ce ba su ga gawar kowa ba. Ya ce alhamdu lillahi. A cikin kwale-kwale ya cika, suna ƙoƙarin tsallakar da shi inda ake samun mota. Minti hamsin ya yi a kwance shi kaɗai bayan tafiyar maharan. Na lissafa wannan sau da yawa.

A unguwarmu idan aka yi rasuwa ni ake kira in yanka likkafani. Aka kira ni. Na zauna a zauren gidansa da farin yadi da almakashi. Wani ya ce ina tef ɗina. Na ce na san tsawonsa, shekara da shekaru ina yi masa riga. Hannuna bai yi rawa ba, kuma wannan ma ya ba ni kunya.

A wurin zaman makoki na fara jin maganar. Wai ashe tsohon nan ɗan jam'iyya ne a ɓoye, har tanti suka ba shi. Mutumin da ko katin zaɓe bai yanka ba. Rana ta uku 'yan jam'iyyar da kansu suka zo gaisuwa cikin manyan riguna, suka ce nasu ne aka kashe. Ina zaune a kan tabarma, tsakanina da su taku biyu. Garba ya ɗago ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina jan carbi. 'Yar Baba, Falmata, ta aiko daga cikin gida a yi mini godiya, wai na raka mahaifinta ya ga ruwa kafin ya bar duniya.

Da na koma gida ranar jana'iza na sa hannu a aljihu, na ji ƙyalle. Ragowar likkafanin ne, faɗin yatsa huɗu. Ban san lokacin da hannuna ya ɗauka ba. Ban saka shi a buhu ba. Ban kuma iya zubar da shi ba.

Garba bai taɓa tona ni ba. Ya koma tuƙin motar wani. Idan mun haɗu muna gaisawa, iyakarta ke nan. Rumfar Baba mai sayar da robobi ne a ciki yanzu. Falmata har yau ni take kawo wa ɗinkin sallar 'ya'yanta, tana ce mini Yaya. Babban ɗanta sunan kakansa ya ci, kuma ya taso da labarin cewa siyasa ce ta kashe shi.

Mun tafi mu uku, da mota, da fatsa huɗu, da niyyar kwana biyu. Mun dawo mu biyu a bayan motar rake. Tef ɗina yana can cikin yashi. An yi tambaya sau uku a bakin ruwan nan, wanda ya amsa ba shi ne mai amsar ba. Falmata, mahaifinki bai da jam'iyya. Ya ce in juya, na ƙi. Tantin nawa ne.