Na Ɗauki Kwari da Baka

Rabona da wasa tun carafke da 'yar gala-gala, su ma na bar su kafin a kai ni ɗaki. Sai ga ni bayan na yi ritaya daga koyarwa, da jikokina, da tabarau a kan hanci, ina zaune a tsakar gidanmu na Tudun Wada ina faɗa da wayar hannu a kan ko in zama mayaƙiya ko ɓarauniya. Duk wanda ya ce mini zan yi haka a rayuwata, da na ce ya je a duba kansa.

Ɗana na fari ne ya ja mini. Ba na faɗin sunansa, ba kuma a nan zan fara ba. Haka muka tashi muka tarar, uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta jan sa a jiki a gaban mutane. Da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta tafi da shi cikin birni, bai dawo hannuna ba sai da zai shiga sakandare. Shi ya sa har yau Hajiya yake ce mini, ƙannensa kuwa Umma. Ina son yaron nan son da ban yi wa kowa ba, amma ko kallon kirki ba na yi masa idan da ido a wurin. Ba wanda ya ga laifin haka, ni ma ban gani ba.

Lokacin da mahaifinsu yake da rai abin bai dame ni ba. Yaron yana aiki a Legas, duk Juma'a zai bugo, Malam ya ƙara wa wayar murya su yi ta hira, daga ofis zuwa cunkoson motoci zuwa maigidan hayar da ke takura masa. Ni ina gefe ina gyaran zogale kamar ba na ji, alhali ba kalmar da take wuce ni. Da Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa, sai kiran ya dawo kaina.

"Hajiya, ina wuni?"

"Lafiya lau."

"Ya gida? Ba a bukatar komai?"

"Babu."

Shi ke nan, sai mu yi shiru muna jin numfashin juna har ɗayanmu ya ce to sai an jima. A hankali kiran ya fara ja baya, kuma ban ga laifinsa ba, don me zai ce wa mutumin da ba ya amsa masa? Tsoro ya kama ni, bari in faɗa ƙarara. Ina tsoron in wayi gari ban san komai a kan ɗana ba sai cewa yana nan lafiya.

Autata tana karatun lauya a jami'ar garinmu, harabar Kongo, a gida take kwana. Na lura duk Asabar bayan la'asar sai ta baje a kan tabarma da wayarta a kwance cikin hannu biyu, tana ihu tana dariya, ga muryar yayanta na Legas tana fitowa tar, yana dariya irin wadda ban ji ba tun rasuwar ubansa. Na tambaye ta me suke yi. Ta ce gem ne na intanet, mutane daga ko'ina suke shiga, kowa da mutum-mutuminsa, a haɗa ƙungiya a shiga kogo a kashe dodo. Yayanta ne jagoran tasu ƙungiyar, shi ke riƙe garkuwa a gaba, kuma suna yi suna hira.

"Sa mini shi a wayata," na ce.

"Umma! Ke?"

"An ce yana maganin mantuwa."

Ta dube ni ta gefen ido, ta karɓi wayar ta sa mini.

Na ɗauka da an sa shi sai in shiga in zauna a gefe in saurara, kamar yadda na saba. Ashe akwai ƙofa kafin a kai ga nan. Wai sai ka zaɓi abin da za ka zama tukuna. Su kilas suke ce masa, ni dai sana'a na ɗauke shi. Wasu mutane suka jeru a fuskar wayar suna jujjuyawa suna huci, sai ka ce 'yan dambe kafin a buga ganga. Auta ta gargaɗe ni cewa in na zaɓa na zaɓa ke nan, ba a canzawa sai dai a koma farko a sake sabon mutum.

Na fara da mayaƙiya. Mace ce ƙatuwa da takobin da ya fi ta tsawo, amma sulken nata bai rufe abin da ɗankwali zai rufe ba. Na ce wannan yaƙi za ta ko wanka? Auta ta ce in an yi gaba ana samun kaya masu kauri. Na ce kafin a yi gaban fa, haka zan yi ta yawo a gaban abokan ɗana? Muka wuce. Na gaba matsafiya ce, wuta tana ci a tafin hannunta. Na yi a'uziyya na ce a ɗauke mini ita. Sai ɓarauniya, da wuƙa biyu da baƙin rawani.

"Umma, suna ne kawai. Ita ce ta fi sauri."

"Na shekara da shekaru ina zane yaran mutane a kan satar fensir, yanzu in rubuta da hannuna cewa ni ɓarauniya ce?"

Ta kwanta tana dariya har da riƙe ciki, ni kuwa raina ya soma ɓaci. Rubutun da ke ƙarƙashin kowace sana'a ƙanana ne kamar ƙwayar gero, Turancin ma ba irin wanda na koyar ba ne. Na karanta wani layi sau da yawa ban gane ko yabon sana'ar ake yi ko gargaɗi ba. Da na kusa yanke shawara sai sabis ya ɗauke, abin ya yi ta juyawa, ya mayar da ni farko. Na yi tsaki na kifa wayar. Kwana da kwanaki ina buɗewa ina rufewa a wannan wurin, ban taka ko ƙofar garin ba.

Saura biyu, maharbiya da mai magani. Ranar Alhamis auta ta dawo daga makaranta, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Yaya ya ce ki ɗauki mai magani. Namu ya daina shigowa, gurbinsa yana nan. Kuma ita ta fi sauƙi, ba a son saurin yatsa."

Ashe ya san ina ciki. Na daure na ce to me mai maganin take yi.

"Ba komai. Kina bayan mai garkuwa, idonki a kan jan layin da ke saman kansa. In ya fara raguwa sai ki danna hotonsa da sunansa ki warkar da shi. Duk inda ya sa ƙafa kina nan. In ya yi nisa ki kira shi ya dawo."

"Wane ne mai garkuwar?"

"Yaya mana."

Na ajiye wayar a cinya. Wato in zauna in zuba wa ɗan fari ido daga la'asar zuwa magariba, ina danna sunansa, ina ƙwala masa kira, abokansa suna ji. Na tuno mahaifiyata, wadda in yayanmu ya shigo ɗaki sai ta sami abin da za ta ɗauko a waje. Auta ba za ta gane wannan ba, ita da take kiran sunan kowa gatsal. Na tambaye ta maharbiyar fa? Ta ce ita daga nesa take tsayawa, bayan bishiya ko kan dutse, tana hango kowa ba ta taɓa kowa. Ga ta kuma da doguwar riga har da hula. Ban jira ta ƙarasa ba na danna.

"Umma, me kika yi? Ni ce fa maharbiyarmu!"

"Sai mu zama biyu."

Ashe ba a zama biyu. Ƙofar kogon mutum biyar take ɗauka, kuma ba a shiga babu mai magani. Ranar Asabar ina zaune na yi caji na sayi data, na ji yaron yana gaya wa auta cewa sun samo wani baƙo ya cike gurbin. Ya ce a gaishe da Hajiya, a ce ta fara hawa matakan wasan a ƙauyen sababbi, in ta yi ƙarfi a gani. Auta ta sa abin kunne don kada hayaniyar kekuna ta dame ta, muryar da nake ji a da ma ta ɓace. Na zo neman ƙari na rasa wanda nake da shi.

Ƙauyen sababbin nan, Allah kada ya mayar da ni. Wani tsoho mai gemu ya aike ni in kashe ɓeraye, na kashe, ya ce in koma in kawo wutsiyoyinsu. Maharbiya da babban yatsa biyu ake tafiyar da ita, ɗaya yana gudu ɗaya yana saiti, ni kuwa yatsuna sun saba da alli. In na saita ɓera sai kibiyar ta tafi ta soki wani ƙaton gursunu da ke kiwonsa bai kula ni ba, ya biyo ni da danginsa. Na mutu a rafi, na mutu a gona, na faɗa rami da ƙafata ba wanda ya tura ni. Yaran da ban sani ba suna wucewa a guje suna rubuto mini abubuwan da auta ta ƙi fassarawa. Wata rana maƙwabciyata ta shigo aron turmi ta tarar ina zagin gursunu da ƙarfi, ta tsaya tana tambaya ko lafiya.

Auta ta ce in goge in sake, in ɗauki mai maganin, ba a makara ba. Na ƙi. Rabi taurin kai ne, rabi kuma na san ko na ɗauka yatsana ba zai danna sunan nan ba. Zan warkar da kowa in bar shi ya faɗi, a ce Hajiya ba ta iya ba. Haushi ya ishe ni, na wasan, na yaran zamani, na wanda ya zauna ya tsara cewa sai an zaɓi abu kafin a san shi. Na yanke cewa in wannan datar ta ƙare na bari.

Asabar ɗin da ta biyo baya auta ta tafi biki Dutsen Abba. Na shiga ni kaɗai, ina tsaye a bakin gonar nan ina harar gursunun da ya saba kashe ni. Sai wani ɗan siririn mutum ya zo ya tsaya kusa da ni, da farar riga da sanda, sabo fil kamar ni, ko takalmi ba shi da shi. Wani abu ya fito a fuskar wayar yana neman in amsa. Na danna don ya ba ni wuri.

"Hajiya, ina wuni?"

Saura kaɗan wayar ta suɓuce mini. Na ce lafiya lau. Sannan na ce ina garkuwar?

"Na ajiye ta. Na sake sabo, mai magani."

"Ƙungiyar fa?"

"Za su sami wani." Ya ɗan yi dariya. "Da ma na san da wuya ki ɗauka. Na dai gwada ne. Ki yi gaba, ina bayanki."

Na gode Allah da ba kowa a gidan. Na saita, na harba, kibiyar ta sami wanda ban nufa ba kamar kullum. Suka yo kaina. Jan layina ya yi ƙasa, ina jira a warkar da ni, shiru. Na faɗi. Ashe shugaban ƙungiya guda bai taɓa riƙe sandar magani ba, yana can yana laluben inda ake dannawa.

"Kai! Ina idonka yake? Kana tsaye kana kallo suna cinye ni?"

"Yi haƙuri, Hajiya, ban gane wurin ba."

"To ka gane! Ba ga hotona nan a gefe ba?"

Muka sake, ya sake bari na na mutu, na sake balbale shi da faɗa. Yana dariya yana ba da haƙuri, a tsakani yana gaya mini cewa ya tashi daga tsohon gidan tun bayan salla, kuma akwai wata yarinya da yake so in ji labarinta. Na ce ya bari mu kashe wannan tukuna, sannan ya faro mini daga farko, 'yar gidan wa ce. Har aka kira magariba bakina bai rufu ba.