Mutanen da Ba Sa Taɓa Ƙwallo

Akwai wata Juma'a a unguwar Utaibiyya ta Makka da na tabbata ko tsufa ya kwashe mini sauran abubuwa, ita ba za ta bar kaina ba. Abin dariyar shi ne a kan wasan da ban iya ba aka yi ta, wasan da har yau ban taɓa kallonsa daga farko zuwa ƙarshe ba. Ƙwallon nan nake nufi na Amurkawa, mai siffar gwanda, wanda ake rungumewa a ruga da gudu, ƙarti masu hular kwano su bi mutum su danne.

Lokacin ina shekara ta biyu a jami'a a Makka, ina karatun hadisi. A ɗakin ɗalibai nake kwana, abincinmu shinkafa da kaza, yau da gobe da jibi. Gida ɗaya nake da shi a duk garin, gidan Baffa. Shi Baffa a Makka aka haife shi. Mahaifinsa ƙanin kakana ne, ya taho aikin hajji da ƙafa tun zamanin da ake shekaru a hanya, bai kuma koma ba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai in tari tasi zuwa Utaibiyya, in hau bene na biyu, in tarar da tuwo da miyar kuka. Saboda ni kaɗai matar Baffa take tuƙa shi, don 'ya'yanta shinkafar bukari suka sani. Wannan tuwon da wannan falon su ne Kanona a lokacin, ba ni da wata.

Baffa dattijo ne gajere mai kaurin wuya, ba shi da yawan magana. Da ɗan shagonsa na sallaya da carbi na san shi. A can gida kuwa, in an ambace shi, kakata takan ce, "Ai yana hidima a Harami." Ita ce ta gan shi da ido shekarar da ta yi hajji, tun ba a haife ni ba. Daga wannan kalma tata na gina masa ofis a raina, har da makullai da kujera mai juyi. Na zo na yi shekara biyu ina cin tuwonsa ban taɓa tambayarsa wace irin hidima ba ce.

Babban ɗansa, da nake kira Yaya, shi ya yi karatun injiniya a Amurka, ya dawo da takarda da kuma ciwon wannan wasa. Ya shafa wa wani abokinsa mai shagon wayoyi a unguwar Shisha, suka zama su biyu a duk unguwar da suka san me ake ciki. Ranar nan bayan an ɗauke kwanuka, shayi ya zo, sai Yaya da abokin nasa suka ɓalle da musu. Ashe can Amurka suna da wani zaure na girmama gwarzayen wasan. Duk shekara akan zaɓi 'yan kaɗan cikin waɗanda suka yi ritaya, a sa musu kwat mai ruwan zinariya, a ƙera kawunansu da tagulla a jera. Sunayen waɗanda ake tunanin zaɓa sun fito, su kuma nan suna neman cinye juna a kan mutum biyu.

Abokin yana bayan wani mai jefa ƙwallo, wanda shi kyamara ke bi, shi ake kira a yi hira da shi. Yaya kuma yana bayan wani daga cikin ƙartin da ke jeruwa a gaba, waɗanda da Hausarsa mai ɗingishi yake ce wa katanga. Aikinsu su tare abokan gaba kada su kai ga mai jefawar. Larabci suke zubawa, Hausa na faɗowa jefi-jefi. Baffa yana gefe a kishingiɗe da carbinsa, kamar ba ya ji.

Ni fa a lokacin ba a musu a gabana in yi shiru, ko da a kan kiwon raƙumi ne. Ga shi kuma an fara koya mana yadda ake auna masu ruwayar hadisi, kaina ya kumbura, kowa na gani sai in ce ina hujjarsa. Na gyara zama na ce su kawo mini bayanan mutanen biyu in raba musu gardama. Abokin ya buɗe waya ya zazzago lambobi, jifa kaza, ci kaza, kofi kaza. Na juya ga Yaya. Ya ce nasa ba shi da irin waɗannan. Na tambaya sau nawa ya ci, ya ce bai taɓa ba. Na ce to sau nawa ya jefa, ya ce ai irinsu ba sa taɓa ƙwallo, mutum sai ya yi shekara goma sha yana wasa hannunsa bai kai gare ta ba. Ya ce in ka ji an kira sunan ɗayansu a fili, to laifi ya yi.

Na yi dariya har da buga cinya. Yaya ya dage yana bayani, wai duk jifan da wancan ya yi, wani ne ya tsaya ya sha duka ya ba shi daƙiƙa uku na numfashi, wai gwiwoyin mutumin yanzu duk ƙarfe ne. Abokin yana ta zuga ni, "Faɗa masa, ya shek, faɗa masa." Ni kuwa daɗin a kira ni shek ya ɗebe ni. Na ɗaga kofin shayi na yanke hukunci da murya irin ta malamai.

"Yaya, bar wahalar da kanka. Wannan ai ɗan dako ne, ƙarfi kawai Allah ya ba shi. A ina ka taɓa jin an girmama ɗan dako?"

Abokin da ke zuga ni ya sunkuyar da kai yana duba wayar da ba ta yi ƙara ba. Yaya ya dube ni, ya dubi mahaifinsa, ya miƙe ya shiga ciki. Har a lokacin ban gane ba, na ɗauka zafin kaye ne ya kore shi.

Baffa ya tashi zaune a hankali. Ya ajiye carbin, ya cire hularsa, ya ce in matso. Na sha ganin sanƙonsa, amma ban taɓa kallonsa da kyau ba. Ya kama hannuna ya ɗora a tsakiyar kansa. Wurin ya yi kanta, ya yi tauri kamar tafin ƙafa, har da ɗan kwari a tsakiya. Ya tambaye ni ko na san shibriyya. Na ce na taɓa ganin hotonta. Wani gado ne na katako da a da, kafin kekunan guragu su yawaita, ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a kai, mutum huɗu su ɗauka a ka su yi ɗawafi da su.

Ya ce shekara ashirin da wani abu ya yi a ƙarƙashinta, a gaba ta hannun dama. Ba da fushi ya faɗa ba, kamar mai kwatanta hanyar kasuwa. Ya ce sai an haɗa mutum huɗu masu tsawo ɗaya, in ba haka ba gadon ya karkace, nauyin duk ya koma kan gajeren. Ya ce ƙafa ɗaya ake jefawa tare, kuma gammo ko na wane irin tsumma ne, kafin zagaye na huɗu ya jiƙe ya daina aiki. Suna tafe suna kiran "hashab, hashab," wato katako, don mutane su kauce. In ɗaya ya yi tuntuɓe, alhajin da ke sama ne zai faɗo kan dutse, shi ya sa ko an taka maka yatsa ya fashe ba ka da ikon dubawa sai an gama bakwai. Ya ce a duk shekarun nan bai taɓa kayar da kowa ba, kuma alhazan da suka tambayi sunansa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Sannan ya mayar da hularsa ya ce, "Shekarar da kakarka ta zo, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya taku goma. Ni da abokaina uku muka ɗauke ta. Ina jin ta a saman kaina tana kuka, tana roƙa wa ubanka ɗa mai ilimi." Ya ɗauki carbinsa. "Ga shi kuwa an amsa."

Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Kakata ba ta yi ƙarya ba, hidima ce kuwa a Harami, ni ne na sa mata kujera mai juyi. Ana kiran la'asar na sulale na bar gidan, ko sallama ban yi wa matar Baffa ba.

Juma'a uku ban je ba. Na ci shinkafata da kaza a ɗaki, na gaya wa abokan kwanana wai karatu ne ya yi yawa. A raina na riga na gama cewa na rufe wa kaina ƙofar nan, kuma na san ni na jawo. Na tsara ban haƙuri iri-iri, har da mai ayoyi da hadisai, kowanne in na maimaita shi sai in ji ya fi laifin muni. A Juma'a ta huɗu ina fitowa daga masallaci na ga motar Yaya. Bai sauke gilashi sosai ba. Da Abuya yake kiran Baffa, irin na Larabawa. Ya ce, "Abuya ya ce tuwo yana kwantai, kuma babu mai ci sai kai. Yalla, shiga."

Da muka isa na durƙusa gaban Baffa na fara jero abin da na haddace. Bai bari na kai rabi ba ya ce in ci tuwona kafin ya huce. Shi ke nan, ba a sake tayar da maganar ba. An ci gaba da ba ni wurina, ana zuba mini shayi, amma ni na san akwai abin da ban biya ba, kuma ban san ta inda zan fara ba. A shekarar, in ban manta ba, mai jefa ƙwallon aka zaɓa. Abokin Yaya bai yi murnar a gabanmu ba.

Sai a shekarata ta ƙarshe dama ta zo. Gwiwoyin Baffa sun gama aiki, wuyansa ma ba ya juyuwa sai da dukan jiki. Ya ce yana son ya yi umara kafin zafi ya shigo. Yaya ya ce zai samo mai tura keke, na ce a bar mini. Baffa ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce to.

Da hantsi muka shiga. Na ɗauka abu ne mai sauƙi, keke ne mai taya, ba katako a ka ba. Kafin mu gama ɗawafi a bene hannuwana sun yi tsami, a Safa da Marwa kuwa duga-dugaina har sun sha karo da kekunan baya. Addu'o'in da na haddace ban samu sukunin karanta ko rabinsu ba, hankalina yana kan kada in buge ƙafar wani, kada in tsaya a bugo mu. Baffa kuwa ya ɗaga hannuwa yana ta roƙo. Mutane suna yi masa murmushi, wani Bature musulmi har ya sumbaci goshinsa. Ni babu wanda ya kalli fuskata. Wata mata ma da na ɗan tare wa hanya ta daka mini tsawa da Larabci, ta ce kai mai keke, kauce. Ɗalibin hadisi ne ni, ɗan ajin ƙarshe, amma na kauce.

Da muka gama zagaye na bakwai a Marwa na jingina da bango ina haki, na miƙa masa ruwan zamzam. Ya sha, ya juyo da dukan jikinsa ya dube ni, gumi ya jiƙa mini harami sharkaf.

"Malam," in ji shi, "yau sau nawa ka taɓa ƙwallo?"

Na ce ko sau ɗaya, Baffa. Ya yi dariya har da tari, ya miƙo mini sauran ruwan da ke kofin ya ce in shanye. A nan na san an yafe mini.

Baffa ya rasu bayan na dawo gida da shekara biyu. Babu kwat, babu tagulla, kabarinsa ma irin na Makka ne, ba suna. Yanzu ni ma ina koyarwa, ana kirana a ba ni lasifika, a jero mini laƙabi. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, duk wanda ka gani a sama hannuwansa a ɗage, to akwai kawunan da yake kai, kuma rashin jin sunansu ba ya nufin ba su yi komai ba. Shi ya sa kafin in buɗe baki in auna darajar mutum, nakan tuna cewa addu'ar da aka roƙo ni da ita ma a kan ɗan dako aka yi ta.